Filin Masu Karatu: Hotunan Biki Sun Ƙi Tafiya ta Imel

Tambaya: Assalamu alaikum. A watan jiya muka aurar da ƙanwarmu, mai ɗaukar hoto kuma ya kawo mana hotuna 340 a cikin fulash, kowanne ya kai megabait 6. Yayarmu da ke aure a Jidda ba ta samu zuwa ba, shi ya sa ta roƙe ni in aika mata da su duka, tun daga ranar sa lalle har zuwa kai amarya. Na gwada ta imel, saƙon ya ƙi tafiya. Da na tura wasu ta WhatsApp kuma sai ta ce fuskokin suna dusashewa idan ta faɗaɗa hoton. Yaya zan yi? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya sanya alheri, ya ba su zaman lafiya, ya kawo zuriya ɗayyiba. Laifin ba na wayarki ba ne, ba kuma na hanyar sadarwa ba ne. Tun asali an ƙirƙiro imel ne domin ɗaukar rubutu, daga baya aka samo dabarar liƙa masa fayil, don haka kowane kamfani ya sa iyaka ga nauyin da saƙo ɗaya zai ɗauka. Gmail da Yahoo duk sun tsaya a kan megabait 25. Idan kika yi lissafi za ki ga hotuna huɗu kacal za su shiga saƙo ɗaya, wato sai kin aika saƙo 85 kafin ki gama, ita kuma yayarki ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya. Akwai kuma wani abu da mutane da yawa ba su sani ba: kafin hoto ya tafi ta imel sai an mayar da shi jerin haruffa, wannan sauyin kuwa yana ƙara masa kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyinsa. Saboda haka saƙon da ya bar hannunki da megabait 24 zai isa can da kimanin 32, kuma wasu akwatunan imel, musamman na ma'aikatu, sukan mayar da irinsa.

Hotunanki gaba ɗaya sun ɗan haura gigabait 2. Kaya irin wannan ba a ɗora wa ɗan aike shi a ka. Ajiye shi ake yi a rumbu, a aika wa mai shi da mabuɗi. Duk wanda yake da adireshin Gmail yana da rumbun ajiya na gigabait 15 kyauta, wanda saƙonninsa da Google Drive da Google Photos suke rabawa a tsakaninsu. Ki buɗe Drive, ki ƙirƙiri folda da sunan bikin, ki loda hotunan a ciki, sannan ki rubuta adireshin imel ɗin yayarki a wurin rabawa. Abin da zai je mata shi ne mahaɗi guda ɗaya, wato link, wanda ba shi da nauyin komai, idan ta taɓa shi za ta ga hotunan yadda mai hoto ya ba ku su, ba tare da an rage musu ko ƙwayar zarra ba. Ina ba ki shawara ki kasa su gida-gida, na lalle daban, na kamu daban, na ɗaurin aure daban, domin wanda aka zube wa hotuna ɗari uku a wuri ɗaya yakan gaji tun kafin ya kai rabi. Idan kuma kallo kawai take so ta riƙa yi a waya, kundin haɗaka na Google Photos ya fi daɗin dubawa, sai dai ki tabbata kin zaɓi ajiyewa da ainihin ingancin hoto, domin ɗaya zaɓin na tsimin wuri ne, yana matse su. Ki kuma sani cewa tun daga 1 ga Yuni, 2021, duk hoton da aka loda a can yana cin wuri daga cikin gigabait 15 ɗin nan.

Maganar data ita ce inda gizo yake saƙar. Lodawar za ta ci miki gigabait 2 cur, ita ma za ta kashe kwatankwacin haka idan ta sauke duka. Tura kaya sama ya fi saukewa jinkiri a yawancin layukanmu, don haka ki nemi inda akwai Wi-Fi, ko ki sayi datar dare mai rahusa, ki jona wayar da caji, ki bar ta ta yi aikinta. Kafin nan kuma ki zauna ki tace, domin a cikin hotuna 340 na biki ba a rasa waɗanda aka ɗauka sau uku a tsayuwa ɗaya, da waɗanda ido ya rufe a ciki. Yayarki ba za ta yi kewarsu ba.

Game da dusashewar da ta gani a WhatsApp, manhajar tana matse duk hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, har hoton megabait 6 ya koma ƙasa da rabin megabait, domin ya tafi da sauri. A shekarar 2023 sun ƙara maɓallin HD, wanda yake rage ɓarnar amma bai kawar da ita ba. Idan kina son hoto ya isa yadda yake, ki taɓa alamar liƙa fayil, ki zaɓi Document maimakon ɗakin hotuna, ki ɗauko su daga nan. Ta wannan hanyar manhajar ba ta taɓa su, kuma tana karɓar fayil har na gigabait 2. Wannan ya dace da hotuna goma ko ashirin da take so ta wanke ta rataya a falo, amma ga ɗaruruwa rumbun nan da na ambata ya fi.

Tambaya: Ni tela ne, nakan aika wa wani ɗan kasuwa a Kumasi hotunan ɗinkuna. An ce mini idan na dunƙule su a fayil ɗin ZIP za su rage nauyi, amma da na gwada ban ga bambanci ba. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Malam, abin da ka gani shi ne daidai. Hotunan da waya take ɗauka, irin su JPEG, an riga an matse su tun lokacin ɗauka, saboda haka ZIP ba ya samun abin da zai ƙara matsewa sai ɗan kaɗan. Amfaninsa shi ne ɗaure hotuna hamsin su zama ƙunshi ɗaya, kada wani ya ɓace a hanya. Idan rage nauyi kake nema, girman hoton za ka rage. Mai sayen da zai duba aikin wuyan riga a fuskar waya ba ya buƙatar fiye da hoton da tsawonsa ya kai ɗigo 1,600 zuwa 2,000 (wato pixel, ƙananan ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto), irin wannan kuwa da wuya ya wuce megabait ɗaya, ka ga ashirin za su shiga imel ɗaya. Sai dai ka rage kwafi ne, ka bar na asali a ajiye, domin hoton da aka ƙanƙanta ba ya komawa yadda yake.

Tambaya: Ɗana ya turo mini hotuna daga iPhone, amma kwamfutar ofis ta ƙi buɗe su, sunayensu kuma suna ƙarewa da HEIC. Daga wani mai karatu a Gusau.

Amsa: Ranka ya daɗe, hotunan lafiyarsu lau. Tun shekarar 2017 wayoyin Apple suke ajiye hoto a wannan tsari saboda ya fi tsimin wuri, tsofaffin kwamfutoci kuwa ba su san shi ba. Ka ce wa yaron ya shiga saitin kyamara, a sashen tsarin hoto ya zaɓi Most Compatible, daga nan wayar za ta riƙa ɗauka da JPEG. Waɗanda ya riga ya turo kuma, idan ka loda su a Google Photos za ka iya kallonsu.

Tambaya: Na raba wa dangi mahaɗin hotunan sunan ɗiyata, bayan kwana biyu sai ga hoton matata da ƙawayenta a hannun mutanen da ban sani ba. Ta yaya haka ta faru, kuma me zan yi yanzu? Daga wani mai karatu a Kano.

Amsa: Allah ya raya, ya kuma huci zuciyarka, ɗan'uwa. Wannan tambaya ta fi duk sauran damuna, domin hotunan cikin gida amana ce, kuma matan da suka tsaya aka ɗauke su sun yi haka ne bisa yardar cewa a tsakanin dangi abin zai tsaya. Rumbunan ajiya suna da hanyar rabawa iri biyu. Ta farko ita ce wadda duk mai riƙe da mahaɗin zai iya buɗewa, ko an san shi ko ba a san shi ba, kuma alamu sun nuna ita ka zaɓa. Da zarar mutum ɗaya ya tura mahaɗin zuwa wani zauren WhatsApp, to ƙofa ta buɗe ga kowa. Ta biyu, wadda Drive yake kira Restricted, ba ta buɗewa sai ga adiresoshin imel da ka rubuta da hannunka, ko da mahaɗin ya zaga gari. Ta fi wahala kaɗan, tunda sai ka tattara adiresoshin mutane, amma ita ce ta dace da hotunan iyali.

Yanzu ka hanzarta ka koma foldar ka mayar da ita kan hanya ta biyu, idan kuma kundin Google Photos ne ka kashe rabawa ta mahaɗi, nan take tsohon mahaɗin zai daina aiki. Ba zan ɓoye maka ba, abin da aka riga aka sauke ko aka ɗauki hoton fuskar waya da shi ya fita daga hannunka, sai dai ka bi waɗanda ka sani ka roƙe su su goge, ka kuma kai ƙara ga shafin da aka wallafa shi a cire. Ya kamata kuma ka sanar da mai ɗakinka da ƙawayenta da bakinka, kada su ji a wani wuri.

Akwai wani abu kuma da ya kamata duk mai aika hoto da ingancinsa na asali ya lura da shi. Waya tana rubuta bayanai a cikin kowane hoto, kamar rana da lokaci da irin wayar, idan kuma an ba kyamara izinin sanin wuri, har da daidai inda aka tsaya aka ɗauka. Turawa ta hanyar WhatsApp da aka saba tana goge waɗannan bayanai, amma imel da Drive da turawa a matsayin Document duk suna tafiya da su, wanda ke nufin baƙon da ya sauke hoton sunan zai iya gano unguwarku har da gidan. Ka shiga saitin kyamararka ka kashe alamar wuri, sannan a hotunan da ka riga ka ɗauka ka buɗe bayanan kowanne ka cire wurin, idan wayarka tana ba da damar haka, kafin ka sake rabawa. Ga dangin da kuke gari ɗaya kuwa, ba sai an bi ta intanet ba, domin Xender ko Quick Share ko AirDrop za su kwashe hotunan daga waya zuwa waya kuna zaune a tabarma ɗaya, ba tare da an kashe data ko an samar da mahaɗin da zai yi yawo ba.