Amsa ga mai son zama cikin kwantena a ƙauye

Malam, ka tambaya ko ka sayi gona wajen Daura ka ajiye kwantena, ka dogara da sola. Fara da ƙasar tukuna. Gonakin ƙauye yawanci na gado ne, kada ka biya sai duk magada sun sa hannu gaban mai unguwa da dagaci. Daga nan ka nemi takardar mallaka a ƙaramar hukuma, domin ita ce dokar filaye ta 1978 ta ba wa iko kan filayen karkara.

Zafin kuwa nake jiye maka. Na taɓa dafa bangon kwantena a Afrilu da azahar, sai da na fizge hannu. Yi mata rumfar kwano da tazara a sama, ka ɗora ta kan bulo saboda damina. Ruwa kuma, tambayi maƙwabta zurfin rijiyarsu kafin ka biya.