Kar ka goge Virtual DJ tukuna, ɗan'uwa

Salamu alaikum. Ɗan'uwa, na ga tambayarka: shekara da shekaru kana kan manhajar DJ ta Virtual DJ, yanzu ka saka manhajar haɗa kiɗa ta Ableton Live don ka riƙa haɗa kiɗa kai tsaye a wurin biki, amma waƙoƙi suna karkacewa, sauti yana ƙaraf-ƙaraf, har kana tunanin ko ka goge tsohuwar gaba ɗaya don ka tilasta wa kanka koyo. Wallahi wanga ciwo na san shi, kuma da yawa a nan sun san shi, shiru kawai suke yi. Kar ka goge komai.

Ableton ba faifai biyu ba ce. A Virtual DJ ko Serato ka jawo waƙa, ta auna saurinta, ka danna, ta tashi. A Ableton aikin da ka saba yi a gaban jama'a shi ne ya koma ɗaka, kafin ranar. Duk waƙar da ba ka zauna ka daidaita ba, ranar biki sai ta ba ka kunya.

Ga yadda kunyar take zuwa, don ita ce ke kashe wa mutane gwiwa. Ana tsakiyar dina, amarya ta iso bakin ƙofa, ƙawaye sun jeru, MC ya juyo ya ce a sa waƙar da uwar amarya ta zaɓa, wata yarinya ta miƙo maka filas. Saitinka yana kan saurin bugu 112 a minti saboda amapiano kake yi. Ka jawo waƙar ka jefa. Da yake MP3 ce, sai manhajar ta fara kwance ta, ta auna ta, kana kallon layin yana tafiya a hankali. Ta gama, ka danna, ba ta tashi nan take ba, tana jiran farkon gida na gaba (gida shi ne zagayen bugu huɗu na kiɗa). Da ta tashi kuma, ta yi kuskuren auna saurinta, ta ja ta da ƙarfin tsiya zuwa 112, muryar mawaƙin tana rawa kamar mai magana ta bayan fanka. MC ya ɗaga hannu a tsayar, ka danna tsayar da akwatin waƙar, shi ma sai ya jira gida ya cika. A kan sauri 100, gida ɗaya mai bugu huɗu daƙiƙa 2.4 ne. A ɗakinka ba komai ba ne. A zauren da mutum ɗari uku suka juyo suna kallonka, ga mai hoto ya haska ka, ga dangin ango suna ƙus-ƙus, daƙiƙa biyun nan sun fi ranar azumi a watan Afrilu tsawo. Kuma babu mai cewa manhaja ce ta yi, sunanka za a kira, gobe a ce kar a sake ɗauko yaron nan.

Maganin wannan kaɗai abu uku ne. Shiga Preferences (Settings a sabuwar Ableton), ɓangaren Record/Warp/Launch, ka kashe Auto-Warp Long Samples; Warp shi ne jan waƙa zuwa saurin saitinka. Daga nan duk doguwar waƙar da ka jefa za ta yi da saurinta na asali. Ka ware layi ɗaya a gefe na waƙoƙin roƙo kawai, kana jefa waƙa ka mayar da Quantization ɗinta None don ta tashi da zarar ka taɓa. Sannan in MC ya ce a yanke, ja fedar ƙasa ko ka bugi dogon maɓallin tazara, shi ba ya jiran kowa, amma ka sani komai zai tsaya da shi.

Yanzu karkacewar da ka ce. Buɗe waƙar a ƙasa, ka zuƙo hoton sautin har ka ga bugun ganga na farko sosai, ka danna dama ka zaɓi Set 1.1.1 Here, sannan Warp From Here (Straight). Kunna ƙararrawar ƙidaya ka saurara a farko, ka tsallaka tsakiya, ka tsallaka ƙarshe. In waƙar situdiyo ce da aka yi a kwamfuta, yawanci alama ɗaya ta isa. In ta nuna 55 alhali 110 ce, akwai maɓallan ninkawa da rabawa biyu, danna ɗaya ya gyara. A wurin zaɓen salon Warp, don cikakkiyar waƙa mai murya ka sa Complex ko Complex Pro. Beats na ganga zalla ne, shi ke yayyanka murya. Ka gama ka danna Save ɗin da ke jikin waƙar, shi ke ajiye gyaran cikin ɗan fayil mai ƙarewa da .asd. Wannan ɗan fayil dole ya zauna kusa da waƙar da suna iri ɗaya. Ka canja wa waƙa suna ko ka kwashe ta ka bar shi, aikinka ya tafi.

Inda abin ya fi cin rai shi ne kiɗanmu na gida. Kalangu da kotso da kiɗan ƙwarya hannun mutum ne ya buga su, makaɗi yana ƙara wuta in waƙa ta yi daɗi, ya sassauta in zai shiga kirari. Ga shi da yawansu a uku-uku suke tafiya, ita kuwa manhajar huɗu-huɗu take nema, sai ta ba ka lambar da ninkawa ko rabawa ba za su gyara ba. Wasu sukan zauna su dasa alama duk bayan gida huɗu ko takwas har ƙarshe. Yana yiwuwa, amma ni ban ga amfaninsa ba, don in ka miƙar da kalangu ya zama daidai kamar inji, ka zare masa rai, tsofaffin mata ma ba za su taso liƙi ba. Kashe Warp, ka bar shi yadda aka buga shi, ka shiga da shi ta feda. Kuma ka yi lissafi kafin ka ɗauki alkawarin aiki: in kowace waƙa ta ci maka minti biyar, waƙa 200 kusan awa 17 ke nan. Fara da 30 da ka san ba a biki sai da su.

Ƙaraf-ƙaraf ɗin sauti kuwa, in Windows kake, duba Driver Type. In yana kan MME/DirectX, mayar da shi ASIO na katin sautinka. Buffer Size ka sa 512. A kan Sample Rate 44,100 jinkirinsa bai kai kashi 12 cikin 1000 na daƙiƙa ba, mai tayar da waƙoƙi ba zai ji shi ba. Sai in kana buga fiyano da hannu ne za ka sauka 256 ko 128. Complex Pro yana cin ƙarfin kwamfuta, kar ka tara shi a layi shida. Layin da ke ɗauke da kayan kiɗa masu nauyi ka yi masa Freeze, wato daskarar da shi don ya rage wa kwamfuta nauyi, tun daga gida.

Sai namu na Sakkwato da ba za ka gani a bidiyon Turawa ba. Laftof da ke aiki lafiya da asuba, in ta sha zafin rumfa da la'asar a Mabera ko Arkilla, da kanta take rage gudu don kar ta ƙone, sautin ya fara tsinkewa. Ɗaga ta daga kan kyallen tebur, sa mata fanka, a hure mata ƙura bayan hunturu. Sannan masu kula da wutar zaure, Allah ya shirye su. Mutum zai je ya juya daga wutar gari zuwa janareta ko sallama babu, kamar ba shi ne ya ga ka jona kaya ba. Caja na yankewa, Windows ta koma tsarin tattalin batir, ƙarfinta ya faɗi. Sa ta a High performance, ka tabbatar saitin batir da na caja ɗaya ne, ka kashe USB selective suspend. In katin sauti ya tsinke, Ableton takan kashe injin sautinta, sai ka koma Preferences ka sake zaɓo shi da hannu. Shi ya sa waya mai waƙa a shirye, jone a wani layin miksa, ba abin kunya ba ce. In kuma kana jin "zzzz" da ke ɓacewa da ka zare caja, akwatin DI mai maɓallin Ground Lift za ka nema, ba sabuwar sifika ba.

Na kusa mantawa da sauraro a kunne. Kana buƙatar kati mai mafita huɗu: Master a 1/2, Cue a 3/4. Scarlett 2i2 da mutane ke yawan saye mafita biyu gare shi, abin da jama'a ke ji shi za ka ji. Yawancin kwantirolan DJ suna da kati mai huɗu a ciki, gwada naka kafin ka kashe kuɗi, sai dai faifan juyawar ba za su yi maka wani aiki ba. Abin da ya dace da Ableton shi ne irin APC40 ko Launchpad, masu maɓallai jere-jere. Ctrl da M ne ke buɗe wurin haɗa su. Kowane layi ka sa masa EQ Three, ka raba su A da B na fedar da ke juya sauti daga gefe zuwa gefe (crossfader). Kuma ba ta daidaita ƙarfin waƙoƙi da kanta yadda ka saba, kai za ka rage wa kowace, ka bar sarari kamar 6 dB, ka ɗora Limiter a ƙarshe don tsaro kawai.

Don Allah ka guji masu loda maka fasasshiyar manhaja da tarin kayan ƙari a kasuwa. Su sun karɓi kuɗinsu sun tafi, kai za ta rufe wa a tsakiyar rawa. Live Lite, ƙaramar Ableton, tana zuwa kyauta da kwantiroloji da katunan sauti da yawa, layi takwas gare ta, ya ishe ka koyo.

Shawarata, biki da kamu da duk inda ake miƙo filas, ka tsaya kan Virtual DJ. Raba murya da ganga ma tana yi tun 2020, in abin da ya ja ka ke nan. Ableton ka shigo da ita kaɗan-kaɗan, minti goma sha biyar da ka shirya, ka maimaita a gida da ainihin kayan da za ka fita da su. Masu Serato DJ Pro ko Traktor suna da Ableton Link, yana ɗaure saurin manhajojin biyu, ka sa waƙa a can ka ɗora gangarka a nan. Kafin ka fita ka yi Collect All and Save, in ba haka ba ka buɗe saiti a wurin taro ka tarar waƙoƙin suna can cikin faifan da ka baro a gida.

Ba ka faɗi irin laftof ɗinka ba. Turo mana RAM nawa ce, SSD ce ko tsohon faifai mai juyawa, da sunan katin sautin, sai mu ga ko 512 ɗin ma za ta ɗauka.