Ɗan makarantar da ka raina

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni dalilin da ya sa duk shekara nake karɓar 'yan makarantar nan masu zuwa IT, wato koyon aiki a hannu na wasu watanni, alhali ko sandar walda ba su iya riƙewa ba, sai ƙona ƙarfe da cin kuɗin abinci. An kira magariba ban ba ka amsa ba. Jawo bencin nan ka zauna, ɗana.

Ba don tausayi nake yi ba, shago na buɗe ba gidan marayu ba. Tsarin da ke turo su sunansa SIWES, hukumar horar da ma'aikatan masana'antu ta ITF mai hedikwata a Jos ce ta fara shi a 1973, saboda masana'antu sun yi ta kukan ana yaye ɗalibai ga takarda amma hannu bai san aiki ba. Ɗan poli mai neman difloma yakan yi wata 4, ɗan jami'a mai karatun injiniya wata 6. Albashi ba ya wuyana. Nawa shi ne kuɗin mota da na abinci, sai in duba littafin da yake rubuta aikin da ya yi in sa hannu. Mu da muke Panteka ga poli ta Kaduna a bakin ƙofarmu, in mun ƙi su ai mun cuci kanmu.

Kafin ka zo an yi wani siririn yaro, shiru-shiru, hannunsa har rawa yake in ya ɗauki sanda. Ana nan wani mai gini ya kawo aikin get da tagogi, da zanen injiniya, duk awon a milimita. Ni da inci na tashi, shi maigidana ya koya min. Na juya takardar nan sama da ƙasa ina ta muzurai kada yara su gane. Yaron nan ya matso a hankali ya ce, Oga, inci ɗaya milimita 25.4 ne. Ya ɗauki biro ya juya awon gaba ɗaya. Bai tsaya nan ba, ya rubuta kowane yanka da za a yi, ya jera su yadda guntun da ya rage a wannan bututu zai shiga wancan wurin. Ni da ido na ƙiyasta bututu 14, lissafinsa ya ba da 12, kuma 12 ɗin suka isa. Ka leƙa bayan shago ka ga tulin guntayen da muke sayar wa 'yan gwangwan a kan kilo, to duk kuɗina ne da na yanka ba lissafi.

Shi ne kuma ya zaunar da ni ya ce mu rubuta abin da get ɗaya ke ci: ƙarfe, sanda, faifan yanka, fenti, man janareta. A nan na gane shekara da shekaru ban taɓa sa kuɗin mai a farashi ba, ga wuta ba zama take yi ba. Ashe wani aikin ma kyauta nake yi ina murna na samu ciniki. Hotunan aikinmu da kake gani a WhatsApp da Facebook ma shi ya fara sa su.

Akwai kuma abin da ba a gani a aljihu. Kai in na ce yi kaza sai ka yi. Su kuwa sai sun ce me ya sa? Da farko haushi yake ba ni. Amma ranar da ɗaya ya tambaye ni dalilin da muke ɗiga walda a kusurwoyi kafin mu bi layin gaba ɗaya, sai da na tsaya na tattaro amsa: zafi ne ke jan ƙarfe, in ka cika gefe ɗaya sai firam ya karkace. Hannuna ya sani tun tuni, bakina bai taɓa faɗa ba, shi ya sa ban iya koyar da shi da kyau ba.

Ba duka ne na kirki ba. An yi wanda ba ya zuwa sai ranar sa hannu, na ce ya koma inda ya fito. Wani kuma ya ƙura wa wutar walda ido ba gilashi, ya kwana yana hawaye kamar an zuba masa yashi, ni na biya kuɗin magani. Asarar farantin ƙarfe ɗaya ko biyu a makon farko kuwa dole ce, kai ma ka huda naka, ko ka manta?

Siririn yaron nan yanzu yana kula da gine-gine a wani kamfani. Tagogin da muka kwana uku muna haɗawa a watan jiya, shi ya turo mana aikin.

Gobe da safe zan haɗa ka da sabon ɗalibin nan a kan get ɗin da ke jingine. Ka nuna masa yadda ake tada wuta ba tare da sanda ta maƙale ba, shi kuma ya karanta maka zanen layi-layi har ka gane. Ka ba shi gilashi mai kyau, ba fasasshen nan da kuke ɓoyewa a bayan injin ba.