Tambaya da Amsa: Maganin tazarar haihuwa da ake sakawa a gaba yana kare mace daga ciwon sanyi?

TAMBAYA: Salam Anti, dan Allah ina amfani da maganin nan na tazarar haihuwa da ake sakawa a gaba kafin saduwa, mai kashe maniyyi, sai ƙawata ta ce min ai tunda yana kashe maniyyi to ƙwayoyin cuta ma kashe su yake, kuma wai in bayan an gama na yi tsarki da ruwan da aka ɗiga wa maganin wanke ciwo babu infekshan ɗin da zai kama ni. Da gaske ne? Don gaskiya hankalina bai kwanta da maigidan ba. A sakaya sunana.

AMSA: Wa alaikissalam 'yar'uwa. A'a wallahi, kar ki dogara da shi. Amma fa ƙawar taki ba ita ta ƙirƙiro zancen ba, likitoci ma sun daɗe suna wannan fatan, saboda sinadarin da ke cikin yawancin magungunan nan, kumfa ne ko kirim ko ƙwaya mai narkewa, wato nonoxynol-9, a ɗakin gwaji yana kashe ƙwayar ciwon sanyi da kilamidiya (ita ma cuta ce da ake ɗauka ta saduwa) har da ta ƙanjamau. Sai da aka zo gwadawa a jikin mata labari ya sha bamban. Binciken da aka yi a Kamaru wanda ya fito a 1998, da wani a 2002, duk sun nuna bai rage kamuwa da ciwon sanyi ko kilamidiya ba. Abin da ya fi tayar da hankali ma shi ne wani gwajin a Benin, Kwaddibuwa, Afirka ta Kudu da Tailan, inda matan da ke saka shi sau da yawa a rana suka fi kamuwa da ƙanjamau, don yadda yake narka jikin maniyyi haka yake cin fatar cikin gaba, ya bar ƙananan raunuka da ido ba ya gani, to ta nan cutar ke samun ƙofa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba kariya ba ne, a Amurka ma tun 2007 dole a rubuta wannan gargaɗin a jikin kwalinsa.

Wankin kuwa shi ne ya fi damuna. Ƙwayar cutar tana isa bakin mahaifa da hanyar fitsari tun a lokacin saduwar, kafin ki tashi ta riga ta kama, abin da maganin zai kashe su ne ƙwayoyin kirki da Allah Ya halitta a wurin masu riƙe da tsaminsa, da sun ragu sai ki ji wari da farin ruwa da ƙaiƙayi, kuma ɗura ruwa ciki na iya tura cutar sama zuwa mahaifa da bututunta, daga nan ake samun toshewa, ko ciki ya zauna a wajen mahaifa, ko haihuwar ta gagara. Ruwa zalla daga waje ya wadatar.

Ko ta fannin tazarar ma, maganin kashe maniyyin shi kaɗai ba shi da ƙarfi, kusan mace 1 cikin 5 na ɗaukar ciki a shekara.

Toh tunda kin ce hankalinki bai kwanta ba, kwaroron roba ne kariyar da aka tabbatar, sannan ki je asibiti a gwada ki ko ba kya jin komai, kilamidiya sau da yawa shiru take a jikin mace, tunjere kuma a jini ake gano shi. In an ga wani abu ku biyu za a yi wa magani lokaci guda, ku haƙura da saduwa kwana 7 har a gama, in ba haka ba shi zai sake maido miki. Kuma kar ki sayi antibayotik da kanki, ƙwayar ciwon sanyi yanzu ta daina jin magunguna da dama. In kina jin nauyin yi masa maganar, ki roƙi likita ya kira shi ya faɗa masa da bakinsa.