Ka zo Cottbus, ko da garin yana raguwa

Ƙanena, saƙonka ya iso. Ka ce ka samu gurbin karatun tsara birane a Cottbus, gabashin Jamus, amma an ce maka mutane barin garin suke yi, to me za ka koya a can?

Ba ƙarya aka yi maka ba. Kafin haɗewar Jamus ta Gabas da ta Yamma a 1990 mutanen Cottbus sun kusa 130,000, yau wajen 100,000 ne. Hoyerswerda da ke kusa ta fi jin jiki, daga wajen 70,000 ko rabi ba ta kai ba yanzu. Masana'antu suka rufe, matasa suka tafi yammacin Jamus neman aiki, haihuwa ta ragu.

Ni dai saboda wannan ɗin nake cewa ka zo. Ɗauki bututun ruwa kawai. An shimfiɗa shi don unguwa cike da jama'a, sai rabinsu suka tashi. Ruwa ya riƙa kwanciya a ciki, dole a dinga wanke shi, magudanar ƙazanta ta fara wari. Kuɗin gyara yana nan yadda yake, masu biya ne suka ragu. Haka makaranta, haka motar bas. Shi ya sa a 2002 gwamnati ta fara shirin Stadtumbau Ost, wato sake fasalin biranen gabashin Jamus, aka rushe gidajen haya kimanin 300,000 a gabas. Dabarar ita ce a fara rushewa daga gefen gari a matso ciki, don a samu rufe bututu da hanya gaba ɗaya. A takarda abu ne mai sauƙi. Amma je ka zauna da tsohuwar da ta shekara 40 a bene ɗaya ka ce mata ta kwashe kayanta. A nan aikin naku yake, kuma abin yana taɓa ni har yau.

Kada kuma ka ɗauka raguwa ta dindindin ce. Leipzig, wani babban birni a nan gabas, ta yi asarar jama'a sosai bayan 1990, aka rufe makarantu, sai ga ta ta haura 600,000 ana gina sababbi cikin gaggawa.

Haya a nan ta fi ta Berlin sauƙi, amma aikin ɗalibai bai kai na can yawa ba, ka zo da shirinka. Ka dage da Jamusanci tun yanzu, don taron da ake yi da mazauna unguwa kafin a rushe gini da shi ake yi. In ka yanki tikiti ka sanar da ni rana, zan tare ka a tasha insha Allah.