Amsa: Yaushe zan bi, yaushe zan ajiye karta a foka (wasan karta da ake zuba kuɗi a tsakiya)?

Ɗan'uwa, ka ce a fadarku ta Zango kana rasa gane lokacin da ya dace ka bi wanda ya ƙara kuɗi. Lissafi ne: ka auna abin da za ka zuba da abin da ke tsakiya.

A ce akwai jikka 2 a tsakiya, abokin wasa ya ƙara jikka 1. Idan ka bi da taka, jimla jikka 4 ke nan, naka kashi 25 cikin 100. To sai damar cinka ta wuce haka. A ce kana da karta 4 masu fure (alama) ɗaya, kana neman ta biyar don ka ci, saura guda a buɗe: 9 ne za su fisshe ka cikin 46 da ba ka gani ba, wajen kashi 20. Bai kai ba, ajiye kawai, ko da hannu na ƙaiƙayi.

Inda aka fi faɗawa shi ne "ai na riga na zuba da yawa". Wanda ya shiga tsakiya ba naka ba ne kuma. Mu nan Birni da tsinken ashana muke yi, lissafin bai canza ba.

In har ta kai ka ga cin bashi, ka ga likitan ƙwaƙwalwa. Hukuncin caca kuwa, malam za ka tambaya.