Tambaya da Amsa: Kalmomin Turancin nan da suka ishi kunne

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce, akwai ƙawata da muke ɗaki ɗaya, wallahi bata iya haɗa jimla uku bata ce "literally" ba. Jiya ta dawo daga lacca ta jefar da jaka tace "I literally died", alhali gata nan tsaye gabana tana cire takalmi. Nace mata kuskure ne, wai ni ce bansan Turancin zamani ba. Don Allah waye mai gaskiya cikinmu?

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Toh, kiyi haƙuri, shari'ar nan ba duka zaki ci ba. Asalin ma'anar kalmar dai ita ce abu ya faru zahiri kamar yadda aka faɗa, babu ƙari babu gishiri, kinga kenan wanda yace ya mutu zahiri ai sai dai a nemo likkafani. Nan kam kina da gaskiya. Amma batun wai Turancin zamani ne, ita ma ƙawar taki ta kuskure, don ƙamus ɗin Oxford ya kawo misalin wannan amfani tun daga 1769, kuma ko a 2013 da aka yi ta cece-kuce wai ƙamusoshi sun lalata kalmar, ma'anar ta daɗe a ciki mutane ne basu duba ba.

Abin da ya samu kalmar shi ne ya samu "very" tun da can, ita ma daga tsohon Faransanci ta fito kuma ma'anarta gaskiya, yau ko Bature bai tuna wannan. Haka baki yake, duk kalmar da ake tabbatar da gaskiya da ita sai an ja ta an ja ta har ta saki kamar tsohuwar roba. Ke kanki duba wasiƙarki, da wallahi kika buɗe, kuma nasan ba rantsuwa kike nufi ba. Mu ma ai muna cewa yunwa ta kashe ni, dariya ta kashe mu, ba wanda ya taɓa zuwa mana ta'aziyya.

Laifin ƙawarki ɗaya ne, yawa. Ranar da abu ya faru da ita zahiri, da wace kalma zata faɗa a yarda? Wannan zaki gaya mata, ki bar maganar kuskure.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Oganmu a ofis in ya fara mitin ba abin da zaka ji sai "at the end of the day", ranar nan na zauna da biro ina ja masa layi a bayan fayil, sau 14 cikin rabin awa. Ga "basically" ga "going forward". Ni ne kawai abin ke damu ko kuwa?

AMSA: Ɗan'uwa ba kai kaɗai ba ne, su masu harshen ma sun gaji. Akwai wata ƙungiya a Ingila, Plain English Campaign, mai yaƙi da Turanci mai kwana-kwana, a 2004 ta tambayi magoya bayanta wace magana ce ta fi ƙona musu rai, wannan ta ogan naka ita ta zo ta ɗaya. A Amurka kuma jami'ar Lake Superior da ke jihar Michigan tun 1976 duk shekara sai ta fitar da jerin kalmomin da wai ta kora daga Turanci, cikin raha dai, kuma ta kori wannan maganar ba sau ɗaya ba amma gata nan daram a bakin oganka. A 2022 har "you're on mute" suka saka, bayan korona ta maida kowa mitin ta waya.

Ni dai a ganina oganka ba burga yake ba, lokaci yake saye. Baki ya riga tunani gudu, kuma shiru gaban ƙananan ma'aikata yana ba mutum tsoro, sai ya cusa wani abu da ya haddace kafin maganar gaske ta iso, daidai da namu "ka gane ko", "wato", "abin nan". Bambancin kawai nasa ya sa kwat. Gwada ka gani, rubuta jimlarsa ɗaya ka soke "basically" ɗin, in ma'ana ta ragu ko da ƙwayar zarra ka zo ka same ni. "Going forward" kuwa, wato daga nan zuwa gaba, ita ta fi bani dariya, toh da baya za'a yi?

Shawara, kar ka gyara masa, aikinka ya fi maka. Amma ka ɗauki muryarka a waya kana bayani na minti biyu ka saurara. Na taɓa yi, "actually" na ji har na rasa inda zan sa kaina, ni mai ba mutane amsa.

TAMBAYA: Malam ɗana mai shekara 15 duk abin da na faɗa masa sai ya ɗaga kafaɗa yace "whatever". Turancina ba mai nisa ba ne amma raina baya so. Zagi ne?

AMSA: Hajiya ranki ya gaya miki gaskiya. Ba ashar ba ne, a ƙamus ma'anarta duk abin da, ko komai, amma in an jefo ta ita kaɗai da ɗaga kafaɗa to oho ce, ko "ke kika sani". Cibiyar jin ra'ayi ta Marist a Amurka ta yi shekaru tana tambayar mutane duk shekara kalmar da ta fi basu haushi, kuma daga 2009 wannan ta riƙe kambu sama da shekara goma a jere, kinga su ma can haka iyaye ke fama.

Kuma tunda kin taɓo wajen bari in fitar da abin da ke raina. Su "literally" da "basically" surutu ne kawai, ƙuda ne a kunne, basu cutar da kowa. Waɗanda nake jin haushi da gaske su ne masu ɓoye wuƙa, irin su "with all due respect" (tare da girmamawa) da "no offence" (kar ka ji haushi). Duk wanda ya fara maka da su ka gyara zama, rashin mutunci na tafe, ya riga ya wanke hannunsa ne tun kafin ya mare ka. "Whatever" ɗin ɗanki 'yar gidansu ce, yana rufe miki baki da harshen da yake ganin ba zaki kama shi ba. Gobe in ya sake, kar ki ɗaga murya, kice masa ya maimaita miki da Hausa.